Yadda Lambatun Unguwa Ya Ci Rabin Gidanmu

Ku matso kusa, ku da na haifa da ku da aka haifa mini. Habiba, ke ce mai alƙalami, ki rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ki gyara mini magana. Ban zauna a aji ba ko na yini ɗaya, amma kunnena yana aiki, kuma na ji abin da kuke faɗa in kun haɗu a gidan suna: wai Inna ta ɗauki rabin gidan Baba ta ba hukuma, ba a roƙe ta ba, ba a matsa mata ba. Sani ma ya faɗa a gabana, yana dariya don kada in ji zafi. Ban amsa ba a lokacin. Yanzu ƙafa ta fara ƙi, ido ya fara dishi-dishi, gara in amsa tun ina iya tuna komai a jere.

Da muka taso daga Paiko, ni da mahaifinku Malam Isa magini, wurin nan ba unguwa ba ne. Gonakin doya ne na masu ƙasa, da itatuwan kaɗanya, da 'yan gidaje da ba su cika hannu biyu ba a gefen hanyar Bida. In ruwa ya sauko, ya san hanyarsa: ya gangaro daga tudu, ya bi ta cikin kunyoyi, ya faɗa rafi, ba ya neman kowa da faɗa. Ana nan ana nan, aka buɗe babbar makaranta a Gidan Kwano, motocin ɗalibai suka fara kai da kawo, kowa ya ga wuri ya yi daraja. Wannan ya yanki fili ya gina, wancan ya yanka ya zagaye da bulo, har aka gine hanyar ruwan kaf. Shi kuwa ruwan Minna kun san shi, ba ya aiko da sallama. Da ya zo ya tarar an toshe masa ƙofa, sai ya shiga ɗakunanmu. Ni da idona na ga tukunyar miya tana yawo a tsakar gida kamar mai neman uwarta.

Wannan ruwan ne ya haifi ƙungiyar mazauna unguwa. Alhaji Ndagi, mutumin Bida mai shagon kayan mota, shi aka ba shugabanci. Malam Yohanna, tsohon malamin firamare da ya zo daga kudancin Kaduna, shi ne sakatare. Suka yi doka: gida ɗaya, baki ɗaya. Bakin kuwa na mai gida ne. Mahaifinku ya riga ya rasu, don haka Sani ne yake zuwa a madadin gidanmu, ranar Asabar ta ƙarshen wata, a wani aji na makarantar firamare. Abin ya riƙa ba ni mamaki. A da, in unguwa tana da kuka, mai unguwa ake kai wa, shi ya kai gaba. Yanzu wai mutane su zauna a bencin yara, su rubuta kukansu a takarda, takardar ta hau mota ta tafi sakatariyar ƙaramar hukuma. Duk ranar da Sani ya dawo sai na tsare shi da tambaya.

"To, takardar nan in ta je can, wa take gaisarwa da farko?"

"Inna, ba gaisuwa take yi ba. Masinja ne yake karɓa, ya buga mata hatimi."

"In dare ya yi, a ina take kwana?"

"A cikin fayil mana, Inna. Ki bar ni in ci tuwona."

Shekara biyu suna safa da marwa. Su je su ga kansila, su dawo. A ce su sake rubutu, su sake. Kwanci tashi, sai ga albishir: hukuma ta yarda za ta gina mana lambatu babba, na siminti, wanda zai kwashe ruwan unguwa ya kai rafi. Aka yi murna, har Alhaji Ndagi ya raba goro a ƙofar masallaci, ya aika da wani goron zuwa coci. Ni ma na yi murna. Ban tambayi ta ina zai bi ba, kuma wannan laifina ne.

Wata safiya na zagaya bayan gidanmu tsintar 'ya'yan kaɗe, sai na ga turaku. An kafa su a jere, an shafa wa kawunansu jan fenti, sun taso daga tudu sun ratsa ta gindin babbar kaɗanya sun miƙe rafi. Na ajiye ƙwaryata, na zauna a ƙasa.

Sai na gaya muku abin da ke wurin, don ku ma ba ku sani ba. Kun san ni unguwarzoma ce, rabin samarin unguwar nan a hannuna suka faɗo. Amma ba duk wanda ya faɗo a hannuna ne ya yi kuka ba. Akwai masu zuwa ba rai, akwai ɓarin da ya riga ya yi siffar mutum. A zamanin nan maƙabarta tana da nisa, kuma da damina rafi ba ya ƙetaruwa. Limamin lokacin ya ce irin waɗannan ba a yi musu salla, a naɗe su a ƙyalle mai tsabta, a sa su a wuri mai kyau da ba cikin gida ba. Sai muka riƙa sa su a gindin kaɗanyar nan. Na Musulmi da na Kirista duk nan, don babu wanda ya kai ga samun suna balle a ce ga inda ya dosa. Kowanne na kifa masa tsingaro, wato ɓarin fasasshiyar tukunya, a saman ƙasa don kada a sake haƙa wurin. Mazan da suka yi haƙan wasu sun mutu, wasu sun sayar da gidajensu sun tashi, wasu kuma tun ranar ba su sake waiwayar wurin ba. Mu mata muka riƙe. Ba mu taɓa yin taro a kai ba, amma babu macen da ta bar ɗanta ya yi wasa a nan, babu wadda ta zubar da shara a nan, kuma duk wanda ya zo da maganar sayen wurin sai ya ga matarsa ta ɓata rai har ya haƙura.

Na tafi wajen ƙawata Saratu, Maman Iliya, wadda muka tsufa tare katanga ɗaya a tsakaninmu. Na same ta tana gyaran wake.

"Kin ga turakun?" na ce.

"Tun jiya na gani, Ladi. Abinci ya ƙi shiga."

"Katafila za a kawo."

"To mu me za mu yi? Mata ba sa zuwa taron nan. Kuma in muka yi magana aikin ya lalace, a ce tsofaffi biyu sun jawo wa unguwa ruwa. Ke kin ga yadda ruwa ya yi da ɗakin surukata bara."

Gaskiya ta faɗa. In na yi shiru, haƙoran katafila za su tone abin da na rufe da hannuna. In na yi magana, wataƙila lambatun ya tafi wata unguwa, ruwa ya ci gaba da cin mu. Na kwana uku ina juya abin. Ranar Asabar na ɗaura zanena mai kyau, na yafa gyale, na ɗauki sandata, na nufi makarantar.

Da na shiga aji sai surutu ya ɗauke. Alhaji Ndagi ya ɗago kai daga tebur. Shi Hausarsa ba ta raba mace da namiji, har matarsa "kai" yake ce mata.

"A'a, Inna Ladi! Yau kai ne da kanka? Ga Sani ai ya zo."

"Na gan shi, Alhaji. Kun ce gida ɗaya baki ɗaya. Gidan nawa ne, yau bakin ma nawa ne."

Aka yi dariya, Sani ya sunkuyar da kai. Malam Yohanna ya gyara tabarau ya ce, cikin ladabi, maganata ba ta cikin jerin abubuwan yau, sai in jira ƙarshe, wurin da suke kira sauran batutuwa. Na zauna na jira, kuma ban yi nadama ba, don na sha kallo. Liman ya buɗe da addu'a, aka ce wani dattijon coci ne zai rufe, wata mai zuwa kuma su yi musanya. Mutum ba ya magana sai ya ɗaga hannu, ko da ya haifi shugaban. In wani ya kawo shawara, sai wani ya ce ya goyi baya, in ba a samu mai goyon baya ba maganar ta mutu a nan, ko gawarta ba a ɗauka. Malam Yohanna kuwa yana rubuta komai a wani babban littafi, har gardamar awakin da ke cin furannin wani. Na ce a raina, ashe haka ake ɗaure magana kada ta gudu.

Da aka zo kaina, na miƙe na dogara sanda.

"Wa ya zaɓi gindin kaɗanya?"

Oga Danjuma, mai gidajen hayar ɗalibai, ya ce, "Mu muka zaɓa, Mama, mu muka nuna wa injiniya. Wuri ne ba na kowa ba. Ba gini, ba shuka, ba wanda za a rushe wa ko bulo ɗaya."

"Ɗana, a unguwar da aka gine har hanyar ruwa, ba ka taɓa tambayar kanka me ya sa aka bar wuri mai kyau haka ba gini ba shuka?"

Sai na ce musu akwai mutane a wurin, na gaya musu irin mutanen. Can sai hayaniya ta tashi. Wani ya ce kansila ya gargaɗe su, in suka taɓa takardar nan za ta koma ƙasan tuli, wata unguwa ta ɗauke aikin. Oga Danjuma ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, amma su waɗancan ruwa ba ya jiƙa musu katifa. Mu ne yake ci." Ban ji haushinsa ba, ruwa ya taɓa rushe masa katanga. Malam Yohanna ne ya buga ƙararrawa.

"Mama, ni na yarda da ke. Amma hukuma ba ta jin baki, takarda take ji. Sai an rubuta, kuma waɗanda abin ya shafa su sa hannu, kowa da sunansa. In kin kawo wannan, ni na goyi baya."

Nan na gane tsadar abin. Dokar unguwarzoma ita ce abin da ta gani a ɗaki, a ɗaki yake zama. Yanzu an ce in bi gida-gida in buɗe abin da mata suka rufe shekaru, in ce su dangwala yatsa a kai, maza su karanta. Malam Yohanna ya ja layi a tsakiyar farar takarda, gefe ɗaya na iyaye, gefe ɗaya na shaidu. Ya ɗaga biro ya dube ni.

"Ke Mama, a ina zan sa ki?"

"Sa ni wajen shaidu," na ce. Na dangwala.

Kwana tara muna yawo ni da Saratu, takarda da tawada a cikin kwando, mun rufe da ƙyalle kamar masu tallan daddawa. Saratu ce ta fara dangwalawa a gefen iyaye. Wata ta ji abin da ya kawo mu ta rufe mana ƙofa, har yau gaisuwarmu daga nesa ce. Wata ta ce ita ba ta san zancen ba, da muka juya za mu tafi ta biyo mu zaure ta miƙo yatsa. Wata tsohuwa da ta koma Beji wajen ɗanta, mun hau mota mun same ta, ta riƙe hannuna ta ce, "Ashe kina tunawa? Na ɗauka ni kaɗai ce." Ta ƙarshe ita ce Hajiya Fati, matar Alhaji Ndagi. Na ce mata in tana so sai in roƙi Malam Yohanna ya sakaya sunanta. Ta dangwala da ƙarfi har tawadar ta ratsa takarda.

"Kada ki sakaya. Alhaji yana Legas sayen kaya abin ya faru. Ya dawo na gaya masa, ya ce Allah ya ba mu haƙuri, bai ƙara tambaya ba. Bari ya karanta."

Ya karanta kuwa, a ƙofar shagonsa, ni da Malam Yohanna muna tsaye. Na ga yatsansa yana bin sunaye yana sauka, sai ya tsaya.

"Inna, ta wane gefe ne?"

"Gabas da babbar saiwa."

"Namiji ko mace?"

"Namiji, Alhaji."

Ya naɗe takardar a hankali, ya ce gobe mu shirya, da ni za a je sakatariya.

Ranar na ga inda takarda take kwana. Yayin da su Alhaji suke jiran kansila, na roƙi wata ma'aikaciya mai fara'a ta nuna mini. Ta kai ni wani ɗaki da kantoci har rufi, ta jawo wani fayil ɗaure da zare ta ce wannan ne na unguwarmu. Na ɗaga shi, bai kai faifai nauyi ba. Ruwan shekara biyu, da katifu, da tukwanen da suka yi yawo, duk suna ciki a kwance. Na tambaye ta ko waɗancan duk kukan mutane ne, ta ce duk. Na ce to Allah ya ba ku kunne. Aka ɗora takardarmu mai tambarin yatsu a sama, kansila ya karanta, ya ce zai turo injiniya ya sake dubawa, amma sau ɗaya tak, don damina ta matso kuma wasu unguwanni suna jira.

Injiniyan ya zo da wani abu mai ƙafa uku da ake leƙawa ta ido ɗaya. Na roƙa na leƙa, na ga ƙofar gidan Saratu ta taho har gaban hancina. Shi kuma ya ce in nuna masa nawa awon. Na shiga gaba da sandata, rabin unguwa a bayanmu, mata daga nesa-nesa. Ina kaiwa wuri sai in kankare ƙasa da bakin sanda, tsingaro ya fito. In matsa, in kankare, wani ya fito. Ban kira sunan kowa ba. Da muka kai na biyar, mutumin nan ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu. Ya koma ga abinsa mai ƙafa uku, ya leƙa gabas ya leƙa yamma, ya daɗe yana rubutu, sa'an nan ya juyo.

"Jama'a, ruwa ba ya hawa tudu don an roƙe shi. Hanya biyu kawai zai yarda da su. Ko ta gindin itacen nan, ko ta can."

Can ɗin da ya nuna bayan gidanmu ne: madafa, da mangwaron da mahaifinku ya dasa, da ɗakin da ya gina da hannunsa wanda muka ajiye wa ɗan'uwanku Garba in ya yi aure. Kowa ya dubi ƙafarsa. Sani ya matso ya kama gefen gyalena.

"Inna, kada ki ce komai a nan. Mu je gida mu yi shawara."

Na san in muka shiga gida muka yi shawara, ku ne za ku yi nasara, don kuna da gaskiya kuma ina son ku. Na kuma san injiniyan ba zai dawo ba. Sai na ce masa ya cire turakunsa ya mayar can.

Kun san abin da ya biyo baya, don ku kuka sha shi. Katafila ta ture ɗakin a yini ɗaya, ta tumɓuke mangwaron. Sani ya yi wata guda bai ci abincin hannuna ba. Garba ya yi aure ya tafi haya, 'ya'yansa sun girma nesa da ni, wannan kuwa har gobe yana ci mini rai. Gidan da za ku gada ya tsuke, madafarmu ta koma rumfar kwano. Amma ruwa bai ƙara shiga ɗakin kowa ba. Ƙungiya ta zagaye gindin kaɗanya da gajeriyar katanga, Oga Danjuma ne ma ya kawo bulon. Aka gyara doka, yanzu mata suna zama a bencin nan suna ɗaga hannu, har Hajiya Fati takan katse mijinta in ya yi tsawo.

Saura abu ɗaya, kuma dominsa na tara ku. Habiba, kada hannunki ya tsaya.

Sani, ba kai ne ɗan farina ba. Shekarar da muka sauka a nan ina da ciki wata bakwai. Naƙuda ta zo mini da hantsi, mahaifinku yana wajen gini, babu mace ko ɗaya kusa da zan kira. Ni kaɗai na haife ta, mace ce, mai gashi, ba ta yi kuka ba. Da ya dawo ya ɗauki fartanya muka zagaya gindin kaɗanya. Babu abin da za mu kifa mata, sai ya ɗauki randar da na zo da ita daga gidanmu ya fasa da kansa. Ita ce ta farko a wurin, saboda ita na kai sauran can, don kada ta zauna ita kaɗai. Saboda ita kuma na koyi karɓar haihuwa, na ce ba za a ƙara yin mace ta durƙusa ita kaɗai a inda nake ba. Ni da mahaifinku ba mu sake furta zancen ba har ya koma ga Allah. Ɗakin da aka rushe shi ya gina, ramin nan ma shi ya haƙa, kuma na san wanda zai ce a bari a cikin biyun.

Don haka ranar da Malam Yohanna ya tambaye ni a ina zai sa ni, ƙarya na yi masa. Na tura mata suka buɗe nasu, ni na ɓoye nawa a gefen shaidu. Takardar tana can a kan kantar sakatariya, kwafinta yana cikin babban littafin ƙungiya, duka biyun suna ɗauke da ƙaryata.

Asabar mai zuwa ita ce ƙarshen wata. Sani, kai za ka riƙe mini hannu har ajin. Zan zauna in jira a gama maganar awaki da fitilun titi, in an zo sauran batutuwa in ɗaga hannu. Ban sani ba ko takarda tana yarda a gyara ta bayan ta tsufa, ko goge yatsan ake yi, ko sabon layi ake ja, ina so in ga yadda ake yi. In na faɗi abin da ya kawo ni, Malam Yohanna zai tambaya ko akwai mai goyon baya. Ina so in ji muryar ɗaya daga cikinku.

Habiba, ki taho da tawada.